Ma'ajin Mariƙan Injin Sassaƙar Ƙarfe

Injin sassaƙar ƙarfe na'ura ce da ke juya gungumen ƙarfe da sauri, wuƙa mai tauri tana feƙe shi har ya kai siffar da ake bukata. Henry Maudslay na Ingila yana cikin waɗanda suka inganta shi wajen shekarar 1800. A yau kowace wuƙa tana da nata mariƙin, wato dunƙulen ƙarfe mai kwarmi a bayansa, wanda ake zura shi a jikin turken injin a ɗaure nan take. A samfurin kamfanin Aloris na Amurka, kwarmin yana da faɗin ciki da ƙuntataccen baki, gefensa kuma a karkace yake da digiri 60.

Me Ya Sa Ake Bukatar Ma'aji?

Bakin yawancin wuƙaƙen zamani na sinadarin kabayid ne, wanda ya fi ƙarfe tauri amma yana da saurin ɓantarewa. Idan aka jibge mariƙai cikin akwati ɗaya suna karo da juna, bakin zai gutsure. Haka kuma, a saman kowane mariƙi akwai notin da ke daidaita tsayin wuƙa da tsakiyar abin da ake sassaƙawa. In ya goce, awo ya ɓaci. Abu na uku shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Da zarar ta ci kwarmin, mariƙi ba zai ƙara zama daram ba.

Zaɓen Katako

A nan ne ilmin halittu yake da ta cewa. Katako tarin ƙwayoyin halittar itace ne, kuma bangon ƙwayoyin ba ya daina shan laima ko bayan an sare bishiya. Saboda haka yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ɗanyen katako kuwa zai riƙa shayar da ƙarfe ruwa dare da rana. Sai a nemi busasshe.

Akwai kuma sinadarin tanin, wanda tsirrai ke kare kansu da shi daga ƙwari da dabbobi. Shi ne ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fata da su. Idan tanin ya haɗu da ƙarfe a cikin laima, sai ya ci fuskarsa ya bar baƙin tabo. Don haka a guji itace mai yawan tanin, irin su bagaruwar kanta, a kuma shafa wa katakon fenti ya bushe sarai kafin ƙarfe ya taɓa shi.

Yadda Ake Haɗa Shi

Da farko a auna kwarmin mariƙi. A yanko doguwar tsagar katako, a karkata gefunanta biyu daidai da karkatar kwarmin, amma a rage faɗinta da kimanin milimita 1 saboda kumburin damina. Sannan a yayyanka ta guntu-guntu gwargwadon tsayin mariƙi. A jera guntayen a kan faffaɗan allo a ɗaure, a bar ratar da yatsu za su shiga ba tare da sun gogi bakin wuƙa ba. A kafa siririn katako a ƙarƙashin kowane layi domin ya tokare mariƙan. Daga ƙarshe a rubuta aikin kowace wuƙa a gurbinta.

Wurin kafa allon ma abin lura ne. Kada a rataye shi a bayan injin, inda sai ma'aikaci ya miƙa hannu ta saman ƙarfe mai juyawa. Hannun riga na iya laƙewa ya jawo mummunan rauni. A kafa shi can ƙarshen injin ta dama, nesa da inda ɓarɓashi ke fantsama. Kafin a mayar da mariƙi gurbinsa, a share shi a shafa masa ɗan man inji.

Gwaji Don Ɗalibai

A jiƙa dakakkun 'ya'yan bagaruwa a kwalba ɗaya, a zuba ruwa zalla a wata. A goge ƙusoshin ƙarfe biyu, a jefa ɗaya a kowace kwalba, a duba bayan kwana 3. Wane launi ya bayyana a kowace kwalba, kuma mene ne dalili?