Darasi kan kiwon turke: yawan hatsi da abin ƙari ga karsana

Makiyayan Matamaye da Kance, da an gama girbi lokacin turka dabba ya yi. To, sai dai a lura: hatsin da ke sa ƙiba shi ne kuma ke kashe karsana in an yi gaggawa.

Dalili

Tumbin saniya ya saba da ciyawa. In an zuba mata gero ko dawa mai yawa rana ɗaya, sai ya yi tsami a tumbi. Alamunsa: ta daina tuƙa, ciki ya kumbura, ga zawo mai wari, daga baya ɗingishi. Ko a Amurka, inda hatsi ke kai kashi 80 cikin 100 na abincin turke, sai an yi makonni ana ƙara shi sannu a hankali.

Awo

Karsana mai kilo 200 tana cin busasshen abinci kilo 5 zuwa 6 a yini.

1. Makon farko: dusa rabin kilo, sauran harawa da kara.
2. A riƙa ƙara rabin kilo kowane mako, har kilo 2 da rabi.
3. Dusa, hatsi, ƙuliƙuli ko angurya, duk a haɗe kar su wuce rabin abincin.
4. A raba safe da maraice, a fara da harawa. Ruwa kar ya yanke.

Abin ƙari

Gishiri gram 30 a yini ya isa. Kanwa kaɗan tana rage tsamin tumbi. Harawar wake da ta gyaɗa suna cike sinadarin gina ƙashi da dusa ba ta da shi sosai. Ƴaƴan gawo, waɗanda Allah ya hore mana a gonakinmu, a daka su a haɗa da dusa.

Takin ure na inganta kara: kilo 5 cikin ruwa lita 50 a kan kara kilo 100, a rufe ruf mako 3. Kar a ba dabba shi tsagwaronsa, guba ne. Monensin kuwa, da ake sa wa shanun turke a Amurka tun 1975, yana kashe doki. Mai doki ko jaki a gida ya nisanci abincin da ke ɗauke da shi.

Gargaɗi

Kafin turkewa a ba da maganin tsutsar ciki, malamin dabbobi kuma ya duba ko tana da ciki. Karsanar da ake so ta haihu ba a turka ta, don kitse mai yawa na wahalar da haihuwa. In ciki ya kumbura, a janye dusa nan take, a kira malamin dabbobi kafin dare ya yi.