Darasi Na 14: Dukiya Ta Farat Ɗaya, Da Mai Son Barin Aiki Tun Da Sauran Ƙarfinsa

Karatu: Luka 12:13-21, Farawa 41:33-49.

Wani lokaci kuɗi mai yawa ya kan faɗo hannun mutum rana ɗaya: ko gādo, ko diyyar gona, ko kuɗin sallama daga wurin aiki. Sa'an nan zuciya ta kan ce masa, ai wahala ta ƙare, ajiye aiki ka huta. Darasinmu na yau zai auna wannan shawara, gama da yawa sun bi ta, suka wayi gari ba kuɗi, ba aiki.

1. Mutumin da ya ke cikin misalin

A lura, maganar gādo ce ta jawo misalin nan. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Ubangiji kuwa ya ƙi zama alƙalinsu, sai ya ba da labarin mai arziki wanda gonarsa ta yi albarka ƙwarai. Ba a ce ya yi sata ba, ba a kuma ce ya zalunci ma'aikatansa ba. Laifinsa kashi uku ne: ya yi shawara da kansa kaɗai, ya ƙidaya shekarun da ba a ba shi ba, ya kuma mai da ci da sha su ne iyakar abin da zai yi da sauran ransa. A daren nan aka karɓi ransa, rumbunan suka zama na waɗansu.

2. Abin da iyayenmu suka gani

Dattawan Yola da Jimeta ba su manta da kuɗin Udoji ba. A 1974 hukumar da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ta kawo shawara a ƙara albashin ma'aikatan gwamnati. Gwamnatin Janar Gowon ta yarda, aka lissafa ƙarin tun daga watan Afrilu na 1974, aka biya shi a dunƙule a farkon 1975. Malaman makaranta da akawuna suka riƙe kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba, aka sayi babura da rediyo. Amma 'yan kasuwa su ma sun ji labari. Cikin shekarar nan farashin kaya ya hau fiye da kashi 30 cikin ɗari. Kafin shekarar ta ƙare kuma, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 a ƙasa duka. Da yawa suka sami hutun da ba su shirya masa ba, kuɗin kuwa ya riga ya narke.

Haka kuma a 2024 tsadar kaya ta sāke wuce kashi 30 cikin ɗari, bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

3. Mu yi lissafi

A ce mutum mai shekara 45 ya sami naira miliyan 20, gidansa kuwa yana cin naira 200,000 kowane wata. Ko da farashi bai motsa ba, kuɗin zai ƙare cikin wata 100, watau shekara 8 da wata 4. In kuwa kaya suna hawa kashi 30 cikin ɗari kowace shekara, zai ƙare cikin shekara ta 5. Ga shi yana da shekara 50, 'ya'ya suna makaranta, gurbinsa a wurin aiki kuwa wani ya riga ya cika shi. Ba mu ma sa ciwo cikin lissafin ba, ko 'yan'uwa da za su yi sallama da zarar labari ya fita. Shi ya sa dokar fansho ta 2014 ta tsare ajiyar ma'aikaci, ba a sakar masa ita duka rana ɗaya.

Mai gona a bakin kogin Binuwai ya san rumbu ba madogara ba ne. A 2012 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Adamawa, sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru.

4. Ashe tanadi zunubi ne?

Ko kaɗan. Yusufu ma ya gina rumbuna a Masar, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa har shekara bakwai. Amma ya tara domin ran jama'a ne, bai kuwa bar aiki ba sa'ad da rumbunan suka cika. Hutun tsoho wanda ƙarfinsa ya ƙare abu ne mai kyau, kada kowa ya zarge shi. Wanda kuma dukiya ta 'yantar da shi daga aikin albashi, yana iya sāke aiki: ya yi noma, ya koya wa samari sana'a, ya lura da marasa lafiya. Zaman banza ne Bulus Manzo ya tsauta wa Tasalonikawa a kansa, cikin wasiƙarsa ta biyu, sura 3.

Saboda haka, ɗan'uwa, in irin wannan kuɗi ya zo maka, kada ka rubuta takardar barin aiki da gaggawa. Ka biya bashinka tukuna. Ka zauna da matarka ku yi lissafi a takarda. Ka nemi shawarar dattijo wanda ba ya sa rai ga kuɗinka. Ka guji duk mai alkawarin ninka maka shi cikin wata ɗaya, gama mun ga yadda MMM ta rufe da ajiyar mutane a watan Disamba na 2016. Ka fid da rabon gwauruwa da maraya tun kuɗin bai saba da aljihunka ba.

Tambayoyi

1. Sau nawa mai arzikin nan ya ambaci kansa? Wa ya manta da shi?
2. Ina bambancin rumbunan Yusufu da nasa?
3. Da za a ɗauke maka damuwar abinci yau, wane aiki za ka tashi ka yi gobe da safe?