Idan Sauti Yana Yankewa a Kwamfutarka

Kana haɗa waƙa a FL Studio, ko kana sauraron karatu, sai muryar ta riƙa ƙas-ƙas tana yankewa. Kada ka yi saurin ɗora wa lasifika laifi. Galibi matsalar tana wurin kanel, wato zuciyar tsarin kwamfuta, wadda ke raba wa kowane aiki lokacinsa a kan furosesa.

Katin sauti ba ya jiran kowa. Idan ma'ajinsa na ɗaukar guntayen sauti 128, alhali ana buƙatar 48,000 a daƙiƙa guda, manhajarka tana da ƙasa da kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ta sake cika shi. Idan kanel ta tsaya biya wa direban wata na'ura buƙata a daidai wannan lokacin, sai ma'aji ya zama wayam, kunne ya ji ɓarakar.

Fara da ƙara girman ma'ajin zuwa 512 ko 1024. Ƙaramin ma'aji yana da amfani lokacin ɗaukar murya, don mawaƙi ya ji kansa ba jinkiri. A Windows, sa manhajar LatencyMon ta nuna maka direban da ke riƙe furosesa. Sau da yawa na Wi-Fi ne ko na katin hoto. Kashe Wi-Fi ka gwada, ka jona caja, domin tsarin tattalin batir yana rage wa furosesa gudu.

Mai Linux ya tabbatar manhajar sauti ta PipeWire ta sami izinin fifiko. PREEMPT_RT, tsarin da ke rage jinkirin kanel, ya shiga kanel 6.12 a 2024, amma a ganina yawancin masu sutudiyo ba sai sun kai can ba.