Wankin Gidan Yawa: Ruwa Ake Fara Lissafawa

A Babban Mutum, can ƙasar Baure ta masarautar Daura, daf da iyakar Nijar, gida mai mutum goma sha biyar ko ashirin ba abin mamaki ba ne. Ga maigida da matansa, ga ƙannensa da nasu iyalan, ga tsohuwa a ɗakinta, yara kuwa sai dai a ce ma sha Allah. A irin wannan gida girki yana da tsari, kowa ya san mai kwana. Wanki ne ba shi da mai shi. Sai ya taru a bayan ƙyaure har ranar da yaro ya rasa wandon zuwa makaranta, sannan a tashi a haɗa komai a rana ɗaya, mace guda ta duƙa tun hantsi har la'asar, ruwa ya ƙare ba a gama ɗauraya ba.

Uwargida, kafin ki ƙirga tufafi, ƙirga jarka. Inda ruwa sai an ja a rijiya, ko an bi layin burtsatse, ko an saya wurin 'yan ga-ruwa, shi ne ke yanke yawan abin da za a iya wankewa, ba ƙarfin hannu ba. Jarka mai lita 25 za ta yi aiki sosai idan an bi da ita daki-daki. Ki jera baho uku: na sabulu, na ɗauraya ta farko, na ɗauraya ta ƙarshe. Fararen kaya ne ke fara shiga, sai masu haske, sai atamfa da masu duhu, kayan wasan yara da tsummokara su zo ƙarshe. Idan ruwan sabulu ya mutu, a zubar da shi kaɗai; ruwan ɗauraya ta farko ya koma na sabulu, na ƙarshe ya matso tsakiya, sabon ruwa ya shiga baho na uku. Da haka ba ruwan da zai bar tsakar gida bai yi aiki sau biyu ko uku ba. Wanda ya rage bayan an gama ma yana da wurin zuwa: a yayyafa kafin shara, ko a wanke bayan gida. Kada a sake shi lungu ya kwanta, sauro ne zai gode.

Kafin wannan duka akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Kayan da najasa ta taɓa, irin su zanen goyo, kunzugun jariri da shimfiɗar yaron da ke fitsarin kwance, ba sa shiga baho ɗaya da kayan salla. Abin da muka karanta tun a Ahalari da Ishmawi shi ne, a mazhabar Malikiyya ruwa tsarkakakke wanda wani abu bai canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba, shi ke kawar da hukuncin najasa. Ruwan omo ya riga ya canza. Don haka a fara kwarara wa wurin ruwa zalla daga buta har najasar ta fita, sannan a kai ga sabulu. A ware wa kayan jariri robarsu daban, kuma a wanke su kullum da safe, ba sa jiran ranar wanki.

Sai raba kwanaki. Mako da kansa ya riga ya raba mana aikin, mu ne ba mu duba. Makarantar allo da yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, to Alhamis da safe ta hijabai ce da kayan Islamiyya. Boko na tashi Juma'a, yunifom ya shiga ruwa ranar Asabar da sassafe, Lahadi a goge. Fararen kayan Juma'a na maza a wanke su Laraba, don a sami sararin sa sitaci da guga ba tare da gaggawa ba. Zannuwan gado da gidan matashi su ɗauki rana guda su kaɗai, saboda suna cin ruwa suna cin igiya. Abu ɗaya da nake roƙon matan gida su daidaita a tsakaninsu: kada wankin mace ya faɗo ranar girkinta. Wadda ta sauka daga girki ita ke da baho da igiya washegari. Rigimar kishiyoyi da ta facaloli da yawa daga igiyar shanya take farawa, wata ta zo da jiƙaƙƙen kaya ta tarar an cika igiya, ta ture na wata ya faɗi ƙasa. Igiya ba ta da tsada. Maigida ya ƙara biyu.

Kuma a daina ɗora wa 'ya'ya mata wankin ƙartin yayyensu. Yaron da ya kai shekara goma, namiji ne ko mace, zai iya wanke singiletinsa da safarsa da wandon wasansa, babba na kusa yana duba wuya da hammata. Saurayin da ya iya wanke babur har yana ƙyalli ya iya wanke rigarsa. Idan kuwa almajiri ake ba wanki, a yi ciniki da shi tun farko, a biya shi a ranar, a ba shi abinci, kuma kada a miƙa masa kayan cikin mata. Wannan na masu su ne.

Jiƙo yana rage rabin wahala. Ki jiƙa fararen kaya da na makaranta kamar rabin awa kafin cuɗawa, ki goga sabulun sanda a wuyan riga da bakin hannu, dauɗa za ta saki da kanta. Amma kada atamfa ta kwana a ruwan omo, koɗewa za ta yi. Sabuwar atamfa da rinannen yadi a wanke su su kaɗai karo na farko da na biyu, don wasu suna zuba, kuma zane ɗaya ya isa ya ɓata farar shadda har abada. Jini da ruwan sanyi ake fitar da shi, ruwan zafi dafa shi yake yi a jikin zare. Tabon manja a wanke da sabulu a shanya a rana tsaka, rana na cinye jan. Idan ruwan rijiyarku mai zartsi ne, za ki ga sabulu ba ya kumfa, yana barin fari-fari a kaya. Ƙara sabulu asara ce, omo ya fi jure irin wannan ruwa. Da damina kuwa a tari ruwan sama, bayan na farko ya wanke rufi, babu ruwan da ya kai shi daɗin wanki.

Ruwan bilic irin su Hypo na fararen kaya ne kawai, kaɗan a ruwa mai yawa. Ba a haɗa shi da maganin wanke masai ko wani sinadari, hayaƙin da ke tashi guba ne. Ba a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa, yaro zai ɗauka ya sha. Haka baho da bokiti masu ruwa: mai rarrafe zai iya kifawa ciki cikin ƙiftawar ido, ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Idan za ki ɗaga ko da zuwa ƙofar ɗaki ne, ki rufe ko ki sa babba ya tsaya.

Shanya kuma kowane lokaci da nasa hali. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kaya na bushewa nan da nan, amma ƙura na jira. Da sun bushe a kwashe, in ba haka ba farar riga ta koma ruwan ƙasa kafin azahar. Da bazara rana ce abokiyar gaba, a juya atamfa da shadda mai launi ciki waje, a nema musu inuwa. Daga Yuni zuwa Satumba a fara wanki da asuba, a ɗaura igiya guda a rumfa ko zaure saboda hadari, kuma kada a ninke kaya da sauran danshi, fumfuna za su yi. Shanya a kan danga ko a ƙasa ban ba da shawararta ba. Wanda ya taɓa zama yana cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya daga gefen zane, tana soke masa yatsa, ya san dalili, balle ga akuya na zagaye.

A gidan yawa ƙazwa da makero da ƙwarƙwata ba sa tsayawa kan yaro ɗaya. Idan ƙazwa ta shigo, maganin asibiti kaɗai ba zai isa ba muddin ana kwana a shimfiɗa guda. A wanke kayan mai ita da zanen gadonsa da ruwa mai zafi sosai, wanda ya haura digiri 50, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa, kamar bargo mai nauyi, a ɗaure shi a leda a ajiye aƙalla kwana uku, domin ƙwayar ƙazwa ba ta daɗewa a raye idan ta rabu da fatar mutum. Kowane yaro da tawul ɗinsa ko zanen goge jikinsa.

Guga a tara ta a yi sau ɗaya ko biyu a mako, gawayi ya fi auki haka. Dutsen guga idan ya ɗauki wuta, a fita da shi gefe a kaɗe toka, a goge gindinsa da tsumma kafin ya hau farin kaya. A fara da shadda da yadin auduga mai sitaci yana da zafinsa, hijabai da yadin roba su jira ya huce, don ƙonewarsu ba ta da gyara. A ninke na kowane ɗaki daban, yara su kai wa iyayensu mata tun kafin magariba. Hular maigida kuwa, kube ce ko zanna, kada a jefa ta baho a murza, zaren zai tashi kuma tsayuwarta ta lalace. A kai wa masu wankin hula tun Talata, su da ke da katakon ɗora ta, a karɓo Alhamis da yamma.