Darasi na 9: Idan Rariyar Madafa Ta Toshe

Lokaci: minti 30, bayan an gama zubi an rufe akwati.
Kayan da za a kawo: waya mai ƙarfi, tsintsiyar kwakwa, tsohon matankaɗi, ruwan toka da aka tace.

Me ya haɗa rariya da adashe?

'Yan uwa mata, na san wata za ta ce, "Malama, mu da muka zo tara kuɗi, ina ruwanmu da kwata?" To ku saurara. A ƙungiyoyin da nake zagayawa a Wurno, Rabah da Goronyo, idan damina ta faɗi, abu biyu ne na fi jin mace na neman kuɗin asusun taimako a kansu: yaro ya kwanta da zazzaɓi, ko katanga ta zube. Sau da yawa idan aka bi sawu, sai a tarar da rariya ce ta toshe, ruwan wanke-wanke ya kwanta a gindin bango.

Ruwan da ya kwanta, sauro yake haifarwa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. Ƙuda kuma ya sauka a kwatar, ya tashi ya faɗa kan tuwo. Ginin laka kuwa daga ƙasa yake mutuwa. Ambaliyar da ta ci ƙauyukan bakin gulbin Rima a watan Satumba na 2010 ta fi ƙarfinmu, amma ruwan da ke cin gindin katangarki kullum safe da yamma, wannan yana hannunki. Ga kuma rigima da maƙwabta idan ya malala lungu, har ta kai gaban mai unguwa ko duba-gari.

Abin da ke toshe ta

Babban mai laifi shi ne maiƙo. Man ja, man shanu da kitse suna tafiya da ruwan zafi, da sun huce sai su daskare a jikin hanyar, musamman da hunturu. Daga nan komai ya zo sai ya manne: ƙanzo, ƙwayar shinkafa, dusa, ɓawon albasa da tafarnuwa, da yashi da tokar da muke goge bayan tukunya da su. Leda ɗaya ta zo ta rufe baki, shi ke nan. Masu tuyar ƙosai da awara, masu ƙuli-ƙuli da masu gumin shinkafa, ku kuka fi kowa shiga wannan hali, domin wankinku ya ninka na sauran gidaje.

Yadda za ki buɗe ta

1. Kwashe ruwan da ya kwanta da kwano, ki kai shi nesa da bango da rijiya.
2. Sa leda a hannunki, ki cire dattin da ido ke gani a bakin rariya.
3. Lanƙwasa bakin waya kamar ƙugiya, ki zura, ki juya, ki jawo. Jawowa ake yi fa, ba turawa ba. Idan kika tura, kin ƙara cusa dattin ne can ciki.
4. Aiki yaro babba ya duba ta bayan gida. Sau da yawa ƙasa ko shara ce ta rufe mafitar, ba cikin ba.
5. Zuba ruwan toka da kika tace, ki bar shi kamar minti 20. Yana cin maiƙo, shi ya sa ake haɗa sabulun salo da shi. Amma kada ki zuba garin tokar kanta, laka za ta zama.
6. Bi da ruwan zafi mai ɗan sabulu, buta biyu ko uku, a hankali.

Idan gidanku bututun roba aka sa, kada ki zuba tafasasshen ruwa kai tsaye daga kan murhu. Ki bari ya ɗan huce, domin zafin yana sa roba ta yi laushi, mahaɗarta ta saki. Mai kwanon wanke-wanke na zamani kuma ta duba ƙarƙashinsa: akwai wani lanƙwasasshen bututu, a nan datti ke taruwa. Ajiye bokiti a ƙasa, ki kwance shi da hannu, ki wanke, ki mayar.

Gargaɗi, a karanta shi sau biyu

Sodar da wasunku ke haɗa sabulu da ita tana ƙona fata, tana makantar da ido. Idan ta haɗu da ruwan zafi tana iya fantsamowa fuska, kuma tana cin tukunyar alminiyam. Ban yarda a yi wannan aiki da ita ba. Haka kuma kada a haɗa Hypo da ruwan batir ko wani maganin wanke bayi. Iskar da ke tashi guba ce. Kada a bar yara kusa lokacin zuba ruwan zafi.

Don kada ta sake toshewa

Kafin ki wanke tukunya, kankare ƙanzo da maiƙon, ki ba kaji ko awaki. Tsohon mai na tuya a juye shi a gwangwani, yana hura wuta. Kifa tsohon matankaɗi ko guntun ragar waya a bakin rariya, ki kakkaɓe shi kowace yamma. Ranar taronmu ta mako ta zama ranar zuba ruwan zafi, don kada a manta.

Idan ƙasarku mai yashi ce, a haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 a mafitar ruwan, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, ƙanana a sama, a rufe. A nisanta shi da rijiya kamar mita 30. Gidajen da ke kusa da fadama, inda ƙasa laka ce ba ta shan ruwa da sauri, gara a ja 'yar hanya zuwa gindin zogale ko gwanda, nesa da bango.

Idan kin yi duk wannan sau biyu ruwa bai wuce ba, ko kin ga bango ya jiƙe ya fara tsagewa, a kira magini ko mai gyaran famfo tun kafin ruwan sama. Kuɗin gyaran rariya ba ya kama ƙafar kuɗin ta da katanga.

Tambayoyin tattaunawa

1. A zagayen da ya wuce, sau nawa aka taɓa asusun taimako saboda zazzaɓi ko gini?
2. Ina ruwan wanke-wanken gidanki yake ƙarewa?
3. Wace ce a cikinmu ba ta da ƙarfin yin wannan aiki, tsohuwa ko mai jego, da za mu je mu taya ta?

Aikin gida

Kowace mace ta duba rariyarta ciki da waje kafin taro mai zuwa. Magatakarda ta rubuta sunayen gidajen da ke buƙatar rami, ƙungiya ta tsara ranar gayya tun cikin bazara.