Kowa Da Mabuɗinsa

Yau a Gombe da wuya ka shiga ofis, na gwamnati ko na kamfani, ka rasa kwamfutoci haɗe da juna, abin da aka ajiye a wannan ana buɗe shi a waccan. A ciki akwai albashin ma'aikata, da lambobin NIN da BVN, da sakamakon ɗalibai, da gwajin jinin marasa lafiya. Duk amana ce, kuma mai riƙon amana sai ya amsa tambaya, ko nan duniya ko gobe kiyama.

Tun 2019, lokacin da Isa Ali Pantami, ɗan garin nan, yake shugabancin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, aka fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a. A Yunin 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar doka, aka kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan ma'aikatu kuwa tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, wanda ya fi yawa.

Amma ɓarna mai yawa daga cikin gida take fitowa, wato ofis guda, kalmar sirri guda. Oga ya ba sakatare, sakatare ya ba ɗan bautar ƙasa, shi kuma don kada ya manta ya rubuta a 'yar takarda ya manna a jikin allon kwamfuta. Ka duba, sai ka ga 1234 ce, ko sunan autan oga.

Ku dubi dillalin hatsi a kasuwar Tudun Hatsi. Ko yaronsa da ya fi yarda da shi ba ya ba shi mabuɗin kowane sito. Ya san wanda ya buɗe da asuba, ya san wanda ya rufe da magariba, ran da buhu ya ɓata ya san wanda zai kira. Da zai yanka mabuɗi goma ya raba wa 'yan dako da masu awo da maƙwabcin rumfa, wa zai tuhuma? Kwamfuta ma tana rubuta sunan wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa. In kowa da sunan oga yake shiga, ran da aka sauya maki ko aka cusa ma'aikacin bogi a jerin albashi, sunan oga kaɗai za a gani. Rantsuwa ba za ta fid da shi ba.

Haba jama'a! Mutum ya tafi sallar azahar ya bar kwamfuta a buɗe, ya dawo yana cewa ƙaddara ce? Sakaci ne. Danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle. Kuma jin nauyi ba hujja ba ne: ko babban yayanka ne ya roƙi kalmar sirrinka, ka ce masa ya je wurin jami'in kwamfuta a buɗe masa tasa, a iyakance masa abin da aikinsa ya shafa.

Sauran a taƙaice. Wanda ya yi ritaya, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya gama bautar ƙasa, a rufe hanyar shigarsa ranar da ya tafi. Kada a soka filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu a kwamfutar ofis. A riƙa kwafe bayanai ana ajiyewa a wani wuri daban. Takardun da aka buga da sunayen mutane a ƙone su, kada su ƙare a hannun mai ƙosai.