Mage Ta Fara Fitsari A Sabon Ɗaki? Ga Mafita

Farkon kowane zangon karatu lokaci ne na kwashe-kwashe. Wasu sun bar hostel sun kama haya a cikin gari, wasu sun sauya unguwa. Da yawa sukan tafi da magensu saboda ɓeraye masu cin handawut da garin kwaki. Sai kuma magen da ba ta taɓa ɓata ɗaki ba ta fara tsula fitsari a kan katifa, ko jaka, ko ma sallaya. Daga nan sai rigima da abokin zama, mai gida kuma ya fara maganar a tashi. Kafin ku kai ta bayan gari ku yar, ku karanta wannan.

Me ya sa take haka?

Ba mugunta ba ce. Mage da hanci take gane gida. Idan kun ga tana goga kumatunta a ƙafar tebur, ƙamshin jikinta take sa wa wurin. A sabon ɗaki babu wannan shaida, wataƙila ma akwai warin wata magen da ta riga ta zama. Tsoro sai ya kama ta. Shi ya sa take zaɓar katifa da kayan sawa, inda warin mai ita ya fi yawa.

Ku lura da yadda take yi. In ta tsuguna ta yi da yawa, matsalar wurin bahaya ce ko rashin lafiya. In kuwa a tsaye take, wutsiya a sama tana karkarwa, tana fesa kaɗan a bango, to shata iyaka take yi. Muzuru ya fi yin wannan, tun daga wajen wata 6 da haihuwa, kuma fiɗiya a asibitin dabbobi tana rage shi sosai.

Matakan gyara

1. Ku tanadi roba mai faɗi wadda za ta iya juyawa a ciki, ku zuba yashi mai laushi kamar zurfin santimita 5. Ku ajiye a lungu, nesa da ƙofa da kwanon abincinta, domin mage ba ta son bahaya kusa da inda take ci. In kun samu ɗan yashin tsohon gida, ku barbaɗa a kai.

2. Ku kwashe ƙazanta safe da yamma, ku sauya yashin gaba ɗaya duk mako. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: roba mai ɗoyi ita ke kora ta kan katifa. In magen biyu ne, robobi uku ake so.

3. Ku tsare ta a ɗaki na mako 2 zuwa 3 kafin ta fara fita. In ba haka ba, za ta iya kama hanyar tsohon gida.

4. Kar ku wanke tsumman da take kwana a kai. Ku goga wani ƙyalle a kumatunta, ku shafa a kusurwoyi da ƙafafun gado daidai tsayinta.

5. Inda ta ɓata, ku tsane da tsumma, ku wanke da ruwa da garin sabulun wanki, ku bi da ruwan khal da aka sirka, ku shanya a rana. Muddin wari ya rage, za ta koma. Bayan ya bushe, ku ajiye mata abinci a wurin na 'yan kwanaki.

Abubuwan da za ku guje wa

Duka, tsawa da dangwala mata hanci a fitsari tsoro kawai suke ƙara mata, alhali tsoron ne tushen matsalar. Kar ku zuba bilic a kan fitsari, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da numfashi. Izal da Dettol guba ne ga mage, don za ta taka ta lashe ƙafa. Haka Paracetamol: ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Yaushe za a nemi likita?

In kun ga jini a fitsari, ko tana yawan tsuguno tana kuka, ku kai ta asibitin dabbobi. Muzurun da ke yunƙuri amma fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3. Wannan ba a jira a gama lakca.

'Yan'uwa mata masu juna biyu, ku bar wa wani kwasar yashin, domin kashin mage na iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma mai illa ga ɗan tayi. Kowa ma ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.

A ƙarshe, ku sanar da abokin zamanku abin da kuke yi, ku roƙe shi haƙurin 'yan makonni, ku riƙa jingine katifa da naɗe sallaya in za ku fita. Da zarar ta fara goga kumatu a kayan ɗaki tana miƙewa ta yi barci a fili, to ta karɓi wurin a matsayin gida.